Yaran Gobir ma suna da gyaran da za su yi wa Scratch

Masu ƙera manhajar kwamfuta sukan ce suna sauraron masu amfani da kayansu, kuma ban musa musu ba. Suna saurare. Sai dai wanda muryarsa ke isa gare su shi ne mai intanet a gida, mai Turanci a baki, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Yaron Tsamaye ko Gatawa ko Isa ba ya cikin wannan sahu, alhali idan ka ajiye masa manhajar a gaba, kafin a tashi darasi zai nuna maka giɓin da injiniyan Amurka bai taɓa hangowa ba. Ni malamin makaranta ne, haifaffen Tsamaye a ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma na daɗe ina koya wa yara Scratch da kwamfuta ɗaya tak, tawa ta kaina. Abin da na ji daga bakinsu nake son ajiyewa a nan.

Ga wanda bai san ta ba, Scratch manhaja ce da yaro ke koyon sarrafa kwamfuta da ita ba tare da ya rubuta dogayen umarni da Turanci ba. Umarnin ya zo a siffar tubala masu launi. Shuɗi na motsi ne, rawaya na fara aiki, kore na lissafi. Yaro ya jawo wannan ya ɗora kan wancan, idan sun dace su kama juna, idan ba su dace ba su ƙi. Ya danna koriyar tuta, sai kyanwar da ke allon ta yi abin da ya umarce ta: ta yi taku goma, ta juya, ta yi magana. Wani rukunin masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Mitchel Resnick, su suka fitar da ita a 2007, don yara masu shekara 8 zuwa 16. Samfuri na biyu ya fito a 2013, na uku a farkon 2019. Kyauta ce, an fassara ta cikin harsuna sama da 70, kuma Hausa na cikinsu. Ina ganin girman wannan aiki ƙwarai, shi ya sa nake son ya gyaru.

Na san abin da wani zai ce. Ƙasar da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma, ƙasar da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agusta na 2024, ina ita ina zancen kyanwar kwamfuta? Tsaro ne gaba da komai, ba na jayayya. Amma yaran da aka koro daga ƙauyukansu suna nan zaune a garin Sabon Birni da Isa, wasu sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, shekarunsu na tafiya, ba za su tsaya jiran ranar da dajin zai lafa ba. Na ga yaron da ba ya ɗaga ido ya kalli mutum tun da suka gudo, ranar da ya sa kyanwa ta zagaya allo da umarninsa, sai da ya kira 'yan'uwansa su zo su gani. Yaron da kullum shi ake yi wa abu, ya samu wuri guda da shi ke cewa a yi, kuma a yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Gyara na farko wata yarinya ce ta kawo shi, kuma da kuka ta kawo shi. Ta ɗauki tsawon darasi tana shirya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta zana su da hannunta, ta naɗi muryarta ta sa musu. Batirin kwamfutar ya tsufa, aka taɓa wayar cajin, allo ya yi baƙi. Da muka kunna, babu komai. Ta ce, "Malam, don mi ba ta aje abu da kanta, kamar yadda waya ka aje hoto?" Tambayarta daidai take. Wanda ke aiki da Scratch a intanet, ya shiga da sunansa, manhajar na adana masa aikinsa a kai a kai ba tare da ya nema ba. Wanda ya sauke ta a kwamfuta don ya yi aiki babu intanet, sai ya tuna ya adana da kansa. Wato an ba mai wuta kariya daga ɗaukewar wuta, an bar marar wuta a fili. Kamata ya yi a juya lamarin. Manhajar da ba ta bukatar intanet ita ta fi cancantar ta riƙa ajiye aiki duk bayan minti ɗaya, in an sake kunnawa ta tambayi yaro ko yana son ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kusa da wannan akwai zancen taron yara kan na'ura ɗaya. An gina manhajar da tunanin yaro ɗaya, kwamfuta ɗaya. A wurinmu aji ne guda ke layi. Kowane sabon aiki da suna iri ɗaya yake zuwa, yaron da bai iya canja sunan fayil ba sai ya danne aikin ɗan'uwansa, a tashi da faɗa. Da manhajar za ta fara da tambayar "wane ne?", kowane yaro ya zaɓi sunansa ko wata alama tasa, ta ware masa ma'ajiyarsa, da an huta.

Sai babbar magana, waya. A Tsamaye kwamfuta abar ƙirgawa ce da yatsu, amma da wuya ka shiga unguwa ka rasa saurayi mai wayar Android, ko da ta hannu ce, ko da gilashinta ya tsage. A shagon mai caji da sola ake cika ta, da manhajar Xender ake tura mata fina-finai da wa'azi. Scratch ta Android kuwa don manyan na'urori masu faɗin allo aka yi ta. Tsarinta kansa na babban allo ne: tubala a gefe, filin aiki a tsakiya, dandalin kyanwa a ɗaya gefen. A watan Oktoba na 2023 rukunin Resnick ɗin ya fitar da OctoStudio, wadda aka yi musamman don waya, kyauta, kuma tana aiki babu intanet. Tun kafin nan jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya ta fitar da Pocket Code, ita ma ta waya ce. Wannan ya nuna idan kuka ya kai musu suna ji. Amma OctoStudio manhaja ce daban da nata tubalan, kuma abin da yarana ke so shi ne su fara aiki a kwamfutata da safe, su tura shi wayar yayansu, su ƙarasa da dare, gobe su dawo da shi. Har yanzu wannan hanya ba ta miƙe ba.

Duk abin da ya rataya ga intanet, mu kam mun san ƙarshensa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa na ciki. Mai bukatar kira sai ya nemi layin Nijar ya je inda sabis ɗinsu ke leƙowa. Ko yau da layukan suka dawo, kuɗin data ba na ɗan makaranta ba ne. Sashen Scratch da ke sa kyanwa ta karanta rubutu da murya sai da intanet yake aiki, haka sashen fassara. Kuma a cikin muryoyin akwai Larabci da Faransanci da Turanci, har da harshen Wales, amma babu Hausa.

A nan ne nake son in daɗe, domin nan ne ciwon yake. Da yawa daga yaran da ke zuwa wurina ba su iya karatun boko sosai ba, ko da an juya tubalan zuwa Hausa. Launi da siffa suke bi. Amma yaron nan da ke tuntuɓe da baƙaƙen boko, ba shi allo ka ga yadda yake zuba karatu. Tun yana ƙarami yake makarantar allo, haruffan Larabci ba baƙi ba ne a idonsa. Wannan ƙasa ta san ajami tun kafin Bature ya zo da nasa baƙaƙen. A ƙasar Gobir Shehu Usmanu ya tashi ya yi karantarwarsa, shi da iyalansa da almajiransa sun bar waƙoƙi da ajami, kuma kangon Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan cikin yankinmu. Me zai hana a samu zaɓi biyu a jerin harsunan Scratch, Hausar boko da Hausar ajami? Kada a ce ba a taɓa yi ba. Japananci sau biyu ya fito a jerin: ɗaya da cikakken rubutunsu, ɗaya da sauƙaƙan haruffan hiragana don ƙananan yara. Rubutu daga dama zuwa hagu ma manhajar ta iya, tunda tana yin Larabci da Farisanci. Hanyar a share take, masu bin ta ne ba su fito ba.

Bayan ajami, a sa wa kowane tubali murya. Yaro ya ɗora yatsa ya riƙe, tubalin ya faɗi aikinsa da Hausa, da muryar mutum da aka naɗa aka ajiye cikin manhajar. Tubalan asali ba su kai ɗari biyu ba. Mai karanta labarai ɗaya na gidan rediyon Rima zai iya naɗe su cikin yini.

Akwai wani alheri a Scratch da ban ji ana faɗa ba, kuma mu mutanen bakin iyaka ya fi shafa. Aikin da aka shirya da harshe ɗaya, idan aka buɗe shi a na'urar da aka saita da wani harshe, rubutun jikin tubalan na juyawa da kansa. Ɗan Sabon Birni da Turanci ake karantar da shi, ɗan gwaggonsa na Tsibiri ko Gidan Rumji da Faransanci, amma Gobirawa ne duka, zanensu ɗaya, Hausarsu ɗaya. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Fassara guda mai kyau, wadda malaman Sakkwato da na Maraɗi suka zauna suka tace tare, za ta yi wa yaran ƙasashen biyu aiki. Na ce wadda aka tace, domin fassarar Scratch aikin 'yan sa-kai ne, kuma duk ƙoƙarinsu sai an gwada ta a gaban yaro kafin a san ta zauna.

Hotunan da manhajar ta zo da su ma abin dubawa ne. Akwai mutum-mutumin ƙanƙara, akwai tsuntsun ƙasar sanyi, akwai 'yan wasan ƙwallon sanda na Amurka. Babu rumbu, babu amalanke, babu rijiya da guga. Cikin kayan kiɗa akwai fiyano da jita da gangunan Latin Amurka, babu kalangu, babu gurmi. Gaskiya ne yaro na iya zana nasa, kuma ina sa su yi. Sai dai na lura abin da yaro ya tarar a shirye shi ke ja masa tunani. Ba na neman mutanen Amurka su zana mana rumbu. A buɗe ƙofa kawai, malami ya iya loda tarin hotuna da sautukan yankinsa sau ɗaya, su zauna cikin ma'ajiyar manhajar tare da sauran.

Ɗaya gyaran nawa ne, na malami. Tsohuwar Scratch 1.4 tana da hanyar rage gudun aiki, tubali ya haskaka, ya yi aikinsa, na gaba ya haskaka, kowa na gani. Da aka fitar da samfurin 2013 sai aka cire. Snap!, 'yar'uwarta ta jami'ar Berkeley, tana da irin wannan har yau. Mai koyar da yara masu yawa da allo ɗaya ya san amfaninsa: da shi ne na can baya zai gane dalilin da kyanwa ta ƙi juyawa. A dawo da shi.

Kukan kurciya jawabi ne. Yawancin waɗannan abubuwa ba a matsayin shawara suka zo mini ba, ƙorafi ne da tsaki da "Malam, ta ƙiya". Aikin babba ne ya tattara su, ya mai da su magana, ya kai inda za a ji. A nan laifin ba na Amurka ba ne. Gidauniyar Scratch, mai kula da manhajar, ba za ta san akwai Tsamaye ba sai mun faɗa mata. Kuma ma ba komai ne sai mun jira ta ba, domin asalin rubutun manhajar a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gyara ya fitar da nasa samfurin, wasu ma sun yi.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta kowace shekara, kowannensu sai ya yi aikin kammalawa. Ina roƙon malamansu su ba wasu daga ciki wannan aiki: ɗaya ya ɗauki adana aiki, ɗaya ya ɗauki muryar tubala, wasu su haɗa kai da sashen harsunan Nijeriya su yi ajamin. Hukumar NITDA, da ke da alhakin bunƙasa fasahar zamani a ƙasar nan, ta ɗauki nauyin zaman da za a haɗa malaman firamare na gabashin Sakkwato da masu fassarar. Kafin a ce an gama, a kawo abin Sabon Birni ko Isa, a ɗora shi kan tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir da wayar hannu ta aro, a tara yara, a ba su, a rubuta duk abin da suka ce.