Mari Ba Ya Warkar Da Taɓin Hankali

Kalmar "mahaukaci" ta daɗe tana yi mana ɓarna. Da zarar an laƙaba wa mutum ita, sai a daina tambayar abin da ke damunsa, a koma neman inda za a ɗaure shi. Alhali kuwa a ƙarƙashin wannan kalma akwai cututtuka daban-daban, kowacce da maganinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce sikizofireniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300.

Mai wannan cuta kan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi. Wani lokaci muryar kan umarce shi da ya hukunta kansa, ko ya sakankance cewa wata gaɓa tasa ce tushen zunubinsa, har ya yi wa kansa raunin da ba ya gyaruwa. Irin wannan bai cika faruwa ba, amma bincike ya nuna cewa yawanci yakan auku ne a tashin farko, kafin a fara magani. Ke nan jinkiri shi ne babban haɗari.

Abin takaici, iyalai da dama a Kakuri, Makera da Nasarawa sukan shafe watanni suna yawon neman taimako, ga kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a bakin ƙofarsu. Addu'a tana da muhallinta, amma ba ta hana ganin likita. Akwai ƙwayoyin da ke rage muryoyin, da allurar wata-wata ga mai mantuwa, da kuma clozapine ga wanda sauran magunguna suka gaza masa, muddin ana duba jininsa a kai a kai. Wanda ya riga ya ji wa kansa rauni kuwa, a fara ɗinke raunin, sannan a miƙa shi ga likitan ƙwaƙwalwa nan take.

Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a 2019 ya nuna mana inda mari ke kai mutane. A Janairun 2023 an sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Saura aiwatarwa: gwamnati ta sauƙaƙa farashin magani, malamai su riƙa tura marasa lafiya asibiti, mu kuma mu gyara bakinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.