Raddi ga masu fakewa da tuddan aman laka

Wata magana na yawo a bakin wasu 'yan boko: wai ɗumamar duniya ba aikin ɗan Adam ba ce, tunda tun fil'azal ƙasa ke fitar da iskar metan ta bakin tuddai masu aman laka. Rabinta gaskiya ne, shi ya sa take ruɗar mutane.

Hujjarsu ta farko Azarbaijan ce, inda tuddan suka kai ɗaruruwa. Ba musu. Laka ce mai sanyi ke ɓulɓulowa tana kumfa, wata rana kuma iskar ta kama da wuta, kamar yadda Lokbatan, kusa da Baku, ya yi a 2001. To amma nawa ne yawan iskar? Ƙiyasin masani Giuseppe Etiope, ƙiyasin da yake cikin masu tsoka, tan miliyan 40 zuwa 60 ne a shekara, shi ma sai da aka tattaro duk wata kafa da iskar ke tsattsafowa daga ƙasa. Abin da dabbobin kiwo, gonakin shinkafa, juji, ma'adinan kwal da rijiyoyin mai ke saki ya haura tan miliyan 300. Binciken 2020 kan iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar Girinlan ma cewa ya yi rabon ƙasa bai kai tan miliyan 6 ba.

Ta biyu ce suka fi tinƙaho da ita. Sun ce shekaru miliyan 56 da suka wuce zafi ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, babu mota babu masana'anta, kuma a 2004 masani Henrik Svensen ya nuna ɗaruruwan tsoffin ramukan aman iska a ƙarƙashin tekun Nowe. Haka ne, sai dai ba su karanta har ƙarshe ba. Waɗancan ramuka ba dangin tuddan Baku ba ne: narkakken dutse ne ya kutsa cikin shimfiɗun da ke cike da ragowar halittu ya gasa su har suka saki kabon, lokacin da arewacin Atlantika ke buɗewa. Lissafin masani Richard Zeebe na 2016 ya nuna an kwashe aƙalla shekaru 4,000 kabon ɗin yana fita, mu kuwa saurinmu ya ninka wancan kusan sau goma. Da suka ce ai duniya ta warke, sun ɓoye cewa sai da ta haura shekaru 100,000, bayan nau'o'i masu yawa na ƙananan halittun ƙasan teku sun ƙare. Wannan shaidar da suka gayyato ai su ta kayar, domin ita ce ta tabbatar kabon na dafa duniya, ko daga ina ya fito.

Saura tambaya guda. Cikin shekaru 800,000 da ƙanƙarar Antatika ta adana, metan bai wuce kusan kashi 800 cikin biliyan ba. Yau ya zarce 1,900. Duk mai cewa tuddan laka ne suka farka dare ɗaya bayan 1750 suka jawo wannan ƙari, ya kawo mana awonsa.