Ihu bayan hari: su wa suka kashe silimar unguwa?

Duk sa'ad da aka yi taron al'adu a Yamai, ko aka dawo daga FESPACO ta Wagadugu, sai manyan ƴan boko su shiga juyayin mutuwar gidajen silima a ƙasarmu. Su jera Vox da Zabarkan da Soni Ali Ber da Jangorzo kamar masu lissafin mamata, su girgiza kai, su ce bidiyo ce ta yi kisan. Wannan ihu ne bayan hari. Masu kukan nan su ne waɗanda, lokacin da gidajen ke da rai, suka ɗauki shigarsu abin kunya, suka kira abin da ake nunawa shirme, masu kallo kuma ƴan iska. Wanda ya ƙi zuwa gaida majinyaci bai kamata ya fi kowa ɗaga murya wajen makoki ba.

A shekarun 1970 da 1980 abu biyu ne ke riƙe da silimar unguwa: fim ɗin Indiya da fim ɗin karate. Galibin gidajen ba su da rufi, katanga ce da farin bango, bencina a gaba don masu ƴan daloli, kujeru a baya don masu hali. Ɗan dako da tela da bakanike da ɗan lakwal duk suna zaune a fili guda. An juya maganar fim zuwa Faransanci, da yawa ba su ji, amma babu wanda ya taɓa kasa gane aktar daga shef bandi, kuma wanda ya riga ya gani yana fassara wa na kusa da shi. Bruce Lee ya rasu a Hong Kong a 1973 yana da shekara 32, amma ya daɗe bayan haka yana biyan albashin mai tike da mai injin a garuruwanmu.

Ku da kuka ce waɗannan finafinai ba su da ma'ana, kun taɓa zama kun kalli La Fureur de vaincre na 1972 har ƙarshe? Labarin birnin Shanghai ne a hannun baƙi. An kashe malami, an kawo wa almajiransa allo mai cin mutuncin al'ummarsu, an kafa wani a ƙofar lambu mai hana kare da Shinuwa shiga, saurayin ya yi tsalle ya farfasa shi. Mutanen da ba su daɗe da fita daga mulkin mallaka ba, waɗanda iyayensu suka yi aikin tilas, ba su bukatar wani farfesa ya bayyana musu dalilin da ya sa suka miƙe suna tafi. Haka La 36e Chambre de Shaolin na 1978: yaro ya sha wulaƙanci, ya tafi wurin malamai, ya ɗauki ruwa, ya sha wuya ɗaki bayan ɗaki kafin a ba shi sirri. Duk wanda ya koyi ƙira ko jima ko dambe a hannun ubangida ya san wannan hanya. Ƙasar da ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda kuma ɗanta Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo mata lambar azurfa ta taekwondo daga Riyo a 2016, ba ta da hujjar raina yaran da ke fitowa daga silima suna tsalle suna kai wa iska duka.

Hujja ɗaya mai nauyi kuke da ita, ba kuma za a ɓoye ta ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, sun daɗe suna riƙe da rabon finafinai a ƙasashen da Faransa ta mallaka, suna zubo tsofaffin kaya masu arha, fim ɗin ɗan Afirka kuma ya rasa ƙofar shiga. Gaskiya ne. To me aka yi? Maƙwabciyarmu Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ta karɓe gidajen silimarta a 1970, ta ware wani kaso na kuɗin tike don shirya finafinan gida. Ma'ana, kuɗin mai kallon karate ya koma jarin ɗan ƙasa. Mu da muka riga su, mu da Oumarou Ganda ya ɗauko mana Étalon de Yennenga na farko a 1972 da Le Wazzou polygame, an bar mu da jawabai. Moustapha Alassane ya fi masu sukar fahimtar jama'a: tun 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi, bai zage su ba, ya mai da abin da suke so madubi. Gidan da ke nuna Bruce Lee dare shida shi ne kaɗai zai iya nuna Ganda ko Djingarey Maïga a dare na bakwai. Da gidan ya rufe, dukansu suka rasa bango.

Bidiyo fa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tele ta shiga gidaje, zaurukan kallo suka buɗe a kowane lungu, kasat ɗin Kano suka cika Maraɗi da Damagaram, suna magana da harshen da kowa ke ji. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, hayar fim da kayan gyaran injin suka ninka, aljihun mai kallo bai ninka ba. Masu wa'azi suka ce silima matattarar lalata ce. A duk wannan wa ya tsaya mata? Hukuma ta san ƙofar gidan ranar karɓar haraji, ƴan boko kuma suna can suna kallon nasu a cibiyoyin al'adun baƙi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a 2009 Kamaru ta rufe gidajenta uku na ƙarshe. Amma a Cadi, inda Mahamat-Saleh Haroun ya yi Bye Bye Africa a 1999 kan wannan ciwo, an sake buɗe Normandie na Injamena a 2011, bayan ya samo kyauta a Cannes. Ashe idan an so, ana iyawa.

Za a ce ai yau kowa da silimarsa a aljihu. Wayar salula tana ba ka fim, amma ba ta ba ka mutum ɗari biyar da za su yi ihu tare da kai, ba ta koya wa yaro zama da wanda bai sani ba, ba ta ciyar da mai tsire da mai gyaɗa da ke bakin ƙofa. Za a kuma ce an buɗe CanalOlympia a Yamai a 2017. Ɗaki guda mai kujera 300, wanda kamfanin Faransa ya buɗe, a babban birni, bai maye gurbin abin da ɗan unguwa ke zuwa da ƙafa ba. Ɗan Tasawa ko Madawa ko Magarya ina nasa?

Abin da ake bukata ba shi da tsada kamar da. Gidajen matasa da al'adu suna nan a garuruwanmu, na'urar haskawa ta yi arha, rana kuma tana ba da wuta. Magadan gari su ba da fili, su sassauta haraji ga duk wanda zai buɗe gidan kallo na ƙa'ida, mai wurin zaman mata da iyali. A bar shi ya nuna abin da jama'a ke so, karate ne ko Indiya ko na Kano, da sharaɗi ɗaya: kowane mako a sa fim ɗin ɗan Nijar, a biya mai shi haƙƙinsa daga tike. Masu juyayi kuma, in da gaske suke, su sayi tike su zauna a benci.