Terry Gou Da Rumbun Da Ke Gonar Wani

Wani ɗalibina ya tambaye ni a aji ko attajirin fasaha zai iya hayewa kujerar shugaban ƙasa da ƙarfin aljihunsa. Na ce masa mu leƙa Taiwan.

Terry Gou ne ya kafa Foxconn a 1974, kamfanin da ke harhaɗa akasarin wayoyin iPhone. A watan Agustan 2023 ya shelanta takarar shugabancin Taiwan a ƙashin kansa, bayan jam'iyyar KMT ta hana shi tuta har sau biyu. Doka ta nemi sa hannun masu zaɓe kusan 290,000, shi kuwa aka tantance masa fiye da 900,000. Iya nan dai kuɗi suka raka shi.

Matsalar ita ce manyan masana'antun Foxconn suna ƙasar Sin, wadda ke iƙirarin cewa Taiwan mallakinta ce. A watan Oktoba hukumomin Sin suka buɗe binciken haraji a kan kamfanin. Gou ya riga ya sauka daga shugabancinsa tun 2019, ya kuma ce ko an ƙwace dukiyar ba zai rusuna ba. Ni dai ban ga laifin mai zaɓen da ya ƙi gaskata shi ba. Wanda rumbunsa ke gonar wani, da wane baki zai ɗaga wa mai gonar murya?

Ranar 24 ga Nuwamba, ranar rufe rajistar 'yan takara, ya janye. A Janairun 2024 Lai Ching-te, wanda Beijin ta fi tsana cikinsu, ya ci zaɓen da kashi 40 cikin 100.