Ƙurajen fuskar jariri: don Allah a ajiye kirim ɗin nan

1/ Zan faɗi maganar da na san ba za ta yi wa wasu kakanni da masu kemis daɗi ba. Yawancin ƙurajen da ke fesowa a fuskar jariri ba ciwo ba ne, kuma ba sa buƙatar magani. Abin da muke shafa musu ne yake zama ciwon. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe.

2/ Kowa ya san yadda abin yake. An yi suna lafiya, yaro fes, an sha hotuna. Sati biyu zuwa huɗu da haihuwa sai ƙananan ƙuraje su feso a kumatu da goshi, wani lokaci har haɓa da cikin gashin kai. Wasu da ɗan farin kai, kamar na yaron da ya fara balaga.

3/ Daidai lokacin kuma 'yan barka ba su gama zuwa ba. Kowacce ta karɓi yaro sai ta ƙura masa ido: "Ayya, me ya same shi a fuska?" Mai jegon da rabonta da barcin kirki tun ranar haihuwa ta ji tambayar nan sau goma a yini. Kafin magariba an rubuta mata magani kala biyar, alhali babu likita ko ɗaya a ɗakin.

4/ To mene ne su? Kusan jariri 1 cikin 5 yana yin su. Sinadaran homon da ya ɗauko daga jikin uwa tun yana ciki, da waɗanda jikinsa yake yi, suna sa fatarsa ta fitar da maiƙo da yawa. Akwai kuma wata ƙwayar halitta dangin yis, Malassezia, da ke zaune a fatar kowa, har ni da kai. Fatar jariri yanzu take sabawa da ita, shi ya sa take ɗan yin bore.

5/ Ba ƙazanta ba ce. Ba sa ƙaiƙayi, ba sa zafi, yaron bai ma san da su ba. Za ki ga sun ƙara fitowa in ya yi kuka ko ya ji zafi, su lafa in ya huce. Cikin 'yan makonni, in sun daɗe wata 3 zuwa 4, sun tafi ba tabo.

6/ Akwai kuma farare ƙanana kamar ƙwayar riɗi a kan hanci da kumatu, waɗanda likitoci ke kira miliya. Kusan rabin jarirai suna da su. Ɓurɓushin matacciyar fata ne ya maƙale. Ba mugunya ba ce, don haka masu ƙaiƙayin hannu a daina matsawa da farce. Matsawar ce take buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

7/ Sai ƙurajen zafi, waɗanda mu muke jawo su da hannunmu. Watan Afrilu, babu wuta, manya na fifita, amma jariri yana cikin riga biyu da hula da safa da shawul, wai kada sanyi ya kama shi. Maganin waɗannan a rage masa kaya, shi ke nan.

8/ Yanzu ga inda nake son zuwa. Kai angon ƙarni, kai ake aika kemis. Ka ce "ƙuraje ne a fuskar jariri", a miƙo maka ɗan kwali. Kafin ka biya, juya shi ka karanta. In ka ga betamethasone ko clobetasol, to sitiroyid ne mai ƙarfi.

9/ Funbact-A da ake ta ambata a gidajen jego, betamethasone ne a ciki da clotrimazole da neomycin. Skineal kuma clobetasol ne da ketoconazole da neomycin. Magunguna ne na gaske, suna da cutukan da likita ke rubuta su dominsu, na 'yan kwanaki. Ba man shafawar jariri ba ne. Amma sai ka ga an matse tub guda cikin man kaɗanya, ana shafe yaro da shi daga kai har ƙafa, safe da yamma, wata da watanni.

10/ Na san abin da za ku ce: "Ai yana aiki." Eh, yana yi, kuma nan ne tarkon. Sitiroyid yana kwantar da ja da kumburi cikin kwana biyu, fuska ta yi sumul. A daina, ƙurajen su dawo, wani lokaci fiye da da. Sai a ce ka gani ko, jikinsa na son man. A koma. Shi kansa sitiroyid in an daɗe ana shafa shi yana haifar da nasa ƙurajen.

11/ Kuma ku lura da wannan. Ƙurajen da ma za su tafi da kansu. Duk abin da aka shafa a sati na uku, shi zai karɓi yabo a sati na takwas. Man zaitun, habbatussauda, hoda, kirim ɗin kemis, duk ɗaya. Haka kowace gwaggo ta samu "maganin da ta gwada a kan 'ya'yanta bakwai". Ba ƙarya take yi ba, ta shafa kuma sun warke. Da ba ta shafa ba ma da sun warke.

12/ Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka, kuma in aka kwatanta faɗin fatarsa da nauyinsa, tasa ta fi yawa. Abin da aka shafa masa yana shiga jini fiye da yadda zai shiga naka. Sitiroyid na tsawon lokaci yana ƙara sirantar da fata, jijiyoyi su fito raɗau, garkuwar fata ta yi rauni, ƙuraje masu mugunya da makero su samu wurin zama.

13/ Wanda ya fi ba ni tsoro: in ya taru a jiki yana kumbura fuska, kumatu su cika su yi zagaye. Mu kuwa me za mu ce? "Tubarkalla, yaro ya yi ɓulɓul, nono ya karɓe shi." Alhali tsawonsa ya tsaya, kuma ƙullin da ke saman ƙoda, mai yi wa jiki nasa sinadarin na jure ciwo, ya rage aiki saboda ana ta ba shi daga waje.

14/ Bari mu faɗa wa juna gaskiya kuma. Ba kowa ne ke shafawa don ƙuraje ba. Jariranmu da yawa ana haihuwarsu da haske, sai a hankali launinsu na asali ya fito cikin makonni da watanni. Shi ya sa tsofaffi ke duba kunne da gefen farce. Kirim ɗin yana dusashe launi, ƙurajen sun zama hujja kawai. Sun tafi tun tuni, tub ɗin bai bar ɗakin ba.

15/ A 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Muna jin haka muna tunanin 'yan mata da amare. Ni ina ganin a gidaje da yawa tun kafin arba'in ake fara shi, a fuskar wanda bai iya cewa a'a ba. In hoton sitatus ne damuwar, wayarki tana da filta. Ki yi wa hoton, ki bar yaron.

16/ Ɗayan abin da ke ƙona min rai shi ne ɗora wa uwa laifi. "Nononki ne yake da zafi." "Me kika ci?" Har a kai ga a ce ta dakata da shayarwa, ko a fara ɗura wa jariri jiƙo don a wanke masa ciki. Ƙurajen nan ba daga lalacewar nono suke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Ƙurji ba ya kashe jariri, amma gudawa daga jiƙo tana yi.

17/ Abin yi kaɗan ne, shi ya sa mutane ba sa yarda da shi. Ruwa mai ɗumi, tsumma mai laushi, sau ɗaya a rana. A dangwala a tsane, ban da dirzawa da soso. A goge tumbuɗi da yawu in sun zauna a kumatu. Mai mai nauyi a bar shi a jiki in fatar ta bushe, a ɗaga wa fuska ƙafa. Ban da sabulu mai magani, ban da turare, hoda ma shaƙarta yake yi.

18/ Kada wani ya ɗauki zaren nan ya ce na ce a zauna a gida ko me aka gani. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi ya kai 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko numfashinsa na sauri, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Haka in ido ko jiki ya yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari.

19/ A fatar kuma: ƙuraje masu ruwa da suka taru wuri guda, ko masu mugunya suna fashewa suna ɓawon rawaya, ko fata tana saluɓewa. Waɗannan ba na jira ba ne. Mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe kuma, ko wace ce ita a gidan, kada ta sumbaci jariri. Ƙwayar cutar da ke ba babba ɗan ƙurji tana iya kai wa ƙwaƙwalwar jariri.

20/ In ƙurajen sai bayan sati 6 suka fara, ko suna da baƙin kai, ko manya ne masu zurfi, wannan wani nau'i ne daban. Yana daɗewa, yana iya barin tabo, likitan yara ko na fata ya kamata ya gani.

21/ Wadda kuma ta riga ta yi makonni tana shafa wa ɗanta haɗin nan a duk jiki: kada ki ɓoye, kada kuma ki yanke shawarar yadda za ki daina ke kaɗai, don jikin da ya saba wani lokaci sai a hankali ake janye masa. Ki kai shi asibiti, ki faɗi tun yaushe aka fara da sau nawa a rana. Ki tafi da kwalin da robar haɗin a jaka, likita ya karanta da idonsa.