FARFAƊIYA: A RIƘE MAGANI, A KIYAYE HANTA

A wannan mako za mu amsa tambayar da 'yan'uwa na ƙasar Gwarzo da Kabo suka sha yi mana, watau ko mai farfaɗiya da ke shan ƙwayar asibiti yana iya haɗawa da saiwa da sassaƙe.

To, Ibnul Ƙayyim, Allah Ya jiƙansa, ya kasa farfaɗiya kashi biyu a cikin Zadul Ma'ad, ya nuna cewa ɗaya daga jiki take tasowa, likitoci ne masananta. Neman magani kuwa ba ya warware tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo suna iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai.

Amma fa ƙwayoyin nan, kamar Phenobarbitone da Carbamazepine da Valproate, duk hanta ce ke sarrafa su. In aka ɗora mata jiƙo wanda ba a san ma'auninsa ba, nauyi ya zama biyu. Wani tsiron yakan rage ƙarfin ƙwaya har ciwo ya dawo, wani ya sa ta taru a jini, kamar yadda garehul ke yi wa Carbamazepine. 'Ya'yan rai-ɗore ma, da ke ko'ina a bakin gonakinmu, sun lalata hantar yara a arewacin Indiya har aka yi hasarar rayuka.

Saboda haka muna jawo hankalin magidanta. Kada a yanke ƙwaya farat ɗaya don an sami na gargajiya, gama wannan yakan jawo faɗuwa bi da bi mai halakarwa. Duk abin da ake sha a gida a kai wa likita ya gani, ko a Babban Asibitin Gwarzo ko na Malam Aminu Kano, a kuma roƙi a auna hanta. In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga amai da kasala, a garzaya asibiti ran nan, kada a ce shawara ce a ƙara jiƙo.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da kowane magani, sai a dage da su. Rai amana ne, za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.