Kwalbar da Ba Ta da Suna

Duk wanda ya san Gadarif, a gabashin Sudan, ya san ta da riɗi da dawa. Amma kafin a ce wannan irin riɗi ya fi wancan mai, sai an kai shi ɗakin gwaje-gwaje an tatse mansa da sinadarin heksan, wanda ke kama wuta da ɗan tartsatsi. Kafin a san yawan furotin da ke cikin dawa kuwa, sai an dafa garinta a cikin asid na salfa mai ƙarfi, wanda ɗigonsa ɗaya ke huda riga ya ƙona fata. Ɗalibin noma a Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, ko a kowace jami'a irinta, ba shi da makawa sai ya yi hulɗa da irin waɗannan abubuwa.

Ra'ayina shi ne, ƙa'idojin kariya daga haɗarin sinadarai sun fi wajaba a kan jami'ar da ke fama da zafi da ɗaukewar wuta da yaƙi, fiye da wadda ke zaune cikin wadata.

Mu fara da zafi. Sinadarin ita, wanda ake narkar da abubuwa da shi, yana tafasa a kusan digiri 35. A watannin Afrilu da Mayu zafin Gadarif kan haura digiri 40. Ke nan kwalbar da aka bari a kan tebur tana iya cika ɗaki da tururi, tururin kuma ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa har ya tarar da wuta. Idan lantarki ya ɗauke, akwatin da ke zuƙe tururi ya tsaya cik. Dokar a nan mai sauƙi ce, ba ta buƙatar ko sisi: idan babu wuta, a rufe kwalba, a dakatar da aikin.

Sai yaƙi. Kwana goma bayan ɓarkewar faɗa a ranar 15 ga Afrilu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa a Khartum, inda ake ajiye ƙwayoyin cutar kwalara da ƙyanda. Wancan haɗari na ƙwayoyin cuta ne, amma darasinsa ya shafi sinadarai: ma'aikata na iya barin gini cikin dare ɗaya, su bar abin da ke ciki. Sinadari kuwa ba ya jiran mai shi. Ita da ya daɗe a ajiye yana tara wani abu mai fashewa, asid na fikrik kuma idan ya bushe, buɗe murfinsa kaɗai na iya jawo bala'i. Wanda ya dawo bayan shekara, in babu rajista, bai san abin da zai taɓa ba.

Wani zai ce, ƙasar da mutanenta ke neman abinci da mafaka ina ta ga kuɗin kayan kariya? Tambaya ce mai nauyi, domin Gadarif kanta ta karɓi ɗimbin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Sai dai kuɗi kaɗai ba ya tsare rai. A watan Disamba na 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wuta ta kama Sheri Sangji, mai shekara 23, tana aiki da sinadarin da ke ci da wuta da zarar ya haɗu da iska. Ba ta sanye da rigar kariya. Ta rasu a Janairun 2009. Jami'ar ba ta rasa dukiya ba, horo da sa ido ne suka yi ƙaranci.

Mafi yawan abin da ake buƙata yana cikin ikon kowace jami'a. A rubuta suna da ranar buɗewa a kan kowace kwalba, tare da alamar haɗari ta tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2003, mai hotuna tara. A raba asid da alkali, a nisanta masu kama wuta daga masu rura ta. A tanadi ruwa mai tsabta da zai isa wanke ido na minti 15. Kada ɗalibi ya yi aiki shi kaɗai, kada kuma a zuba ragowar sinadari a kwata. Rajistar ma'ajiya ta zama kwafi biyu, ɗaya a wajen ginin.

A ƙarshe, kada a manta da mai shara da mai gadi. Su ne ke shiga bayan kowa ya fita, kuma takardar gargaɗi da Turanci ba ta amfane su ba. A yi musu bayani da Larabci, ko da Hausa, tunda Gadarif gari ne na Hausawa da yawa. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Malamai a Kano da Zariya da Maraɗi su ma su leƙa ma'ajiyarsu yau, su ƙirga kwalabe nawa ne ba su da suna.